Waken Inna da Motar Ɗan Ƙanwata

Garinmu a bakin kwalta yake, tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, ba nisa da Birchi. Tun da aka shimfiɗa titin nan muke cin moriyarsa ta wata hanyar da masu shimfiɗa shi ba su nufa ba. Da kaka mata kan shanya barkono da kuɓewa a gefensa. Mu kuma maza, idan mun roro wake ya bushe, sai mu baza shi da ɓawonsa a kan kwalta, mu koma inuwa mu zauna. Motoci ke yi mana casa. Taya ta taka, ɓawo ya fashe, ƙwaya ta fito, mai wake ya tashi da tsintsiya ya juya, ya koma ya zauna.

Direbobin hanyar sun san da wannan. Mai akori-kura idan ya hango wake sai ya sassauta, ya karkato da taya ya bi ta kai. Wani ma har ya ja da baya ya sake takawa, idan ya ga mai waken dattijo ne. Ladansu ɗaga hannu ne da Allah ya kiyaye hanya.

Ina da wani wake da a lokacin babu mai irinsa sai ni. A gidanmu waken Inna ake ce masa, domin mahaifiyarmu ce ta zo da shi daga Barkiya a ƙullin zane lokacin da aka kawo ta gidan babanmu. Ƙanana ne, fari da ɗigon ja, jijiyarsa ja-ja, furensa ruwan shunayya. Ba ya yawan 'ya'ya. Amma yakan nuna a tukunya kafin mace ta gama jajjage, kuma ƙwari ba sa damunsa kamar sauran. Da sabon iri ya shigo, mai cika buhu, kowa ya koma can. Na tambayi dangin Inna na Barkiya, suka ce sun daɗe da rabuwa da shi. Bayan rasuwarta ni kaɗai na ci gaba da shuka shi, 'yan kunyoyi a ƙarshen gona.

A shekarar da nake ba da labarinta ruwa ya ɗauke da wuri. Abin da na samu na waken Inna, har da ɓawonsa, bai cika buhu ba. Na gaya wa mai ɗakina cewa bana ba za a dafa ko ƙwaya ɗaya ba, duka iri ne. Shi wannan waken ban saba kai shi kwalta ba, a tsakar gida ake bugunsa da sanda.

Ƙanwata tana aure a Dutsin-Ma, kuma babban ɗanta bakanike ne. Ya yi shekaru a Kaduna yana gyara wa 'ya'yan masu hali motocin da suke wasa da su. Ya iya aikinsa, wannan ba na musu. Da zai dawo gida ya buɗe nasa garejin, sai ya dawo da wata mota da ya saya a lalace ya tayar da hannunsa. Ya sa mata injin da ya fi ƙarfin jikinta. Ya sauke ta ƙasa har kaza ba ta shiga ƙarƙashinta sai ta durƙusa. Ya sa mata tayoyi masu faɗin tafin hannu biyu. Ya cire salansar hayaƙinta ya sa wani bututu, wanda maimakon ya rage ƙara sai ya ninka ta, kuma idan ya ɗaga ƙafa daga totur sai motar ta yi ta harbi ta baya kamar bindiga.

A yankinmu, a shekarun nan, ba a wasa da ƙarar da ta yi kama da harbi. Ranar da ya fara kawo mini gaisuwa da ita, kafin ya kashe inji rabin garin ya shige gonakin dawa. Limaminmu sai da aka aika masa cewa baƙo ne sannan ya fito, kuma ranar an ɗan jinkirta la'asar.

Na tambaye shi amfanin wannan ƙarfin duka. Ya ce hanya ba lafiya, kuma idan aka tare hanya, mota mai gudu ce ke fitar da mutum. Maganar ta shige ni, don haka da ya ce zai kai ni Dutsin-Ma ranar kasuwa ban ƙi ba. Shiga motar kamar shiga rami ne, sai ka zauna gwiwarka ta zo kusa da haɓarka. Muna hawa kwalta ya taka, bayana ya manne da kujera, muka wuce wani mai babur ɗauke da akuya kamar a tsaye yake. Da muka isa tudun rage gudu na farko sai ya taka birki, ya karkace motar, ya hau da taya ɗaya-ɗaya, cikinta na gurzar ƙasa. Daga ƙarshe ya roƙe ni in sauka don a rage nauyi. Ina tsaye a gefe mai akuya ya wuce mu. Muka sake wuce shi, ya sake wuce mu a tudu na gaba. A tasha muka ishe shi yana kwance akuyarsa, ya yi mana sannu da zuwa.

A lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana da yamma a makarantar firamare. Duk abin da na gani da rubutu sai na tsaya na haɗa baƙaƙensa, ko buhun taki ne ko kwalin magani. Motar tana da rubutu a gilashin baya, amma da wasu baƙaƙe masu lanƙwasa da wutsiyoyi, irin waɗanda malaminmu bai kai mu ba. Ban tambayi mai motar ba, na fi son in karanta da kaina. Ita kuwa ba ta daɗewa wuri ɗaya. Na dai samu baƙi biyu na farko, na ajiye sauran sai wani jiƙon.

Ƙanwata ta sha gaya mini cewa mutanen unguwarsu sun sa ɗanta a baki. Suna cewa ya ɓata ƙuruciyarsa a kan abin da ba ya ɗaukar buhu, ba ya ɗaukar mara lafiya, sai tayar da jarirai daga barci. Ta ce abin yana cin sa ko da ba ya faɗa, ta roƙe ni in riƙa jan sa a jiki.

Da kakar nan ya zo ya ishe mu zaune a inuwa, maƙwabcina ya baza wake yana jiran mota. Ya tsaya ya kalli yadda wata akori-kura ta bi ta kai. Sannan ya juyo wurina.

"Kawu, dubi faɗin tayar nan tawa. Abin da akori-kura za ta yi maka a yini, ni sau ɗaya zan bi."

Na tashi na dubi tayar. A idon manomi, gaskiya, ta yi kama da wadda aka ƙera don casar wake. Wani dattijo ya zo ya auna ta da hannu, ya ce ta yi biyun ta akori-kura. Duk majalisar aka yarda cewa ga amfanin motar ya fito, ashe mu ne ba mu gane ba. Shi kuwa fuskarsa ta washe kamar yaron da aka ɗinka wa rigar salla. Ya ce da waken Inna yake son farawa, don albarka, domin a hannunta ya ci shi yana ƙarami. Na shiga gida na ɗauko buhun. Mai ɗakina ta bi ni da kallo har ƙofa.

Na zube shi a kwalta, na ce masa a hankali. Ya ce to. Ya taho a hankali kuwa, amma bambar motar, ƙarfen nan na gabanta, ta yi ƙasa da yawa, sai ta riƙa tura tulin waken gaba kamar garma, taya ko taɓa shi ba ta yi ba. Motar ta yi tari, ta jijjiga, ta mutu. Ya fito ya yi mana bayani cewa injin ba ya son tafiyar hankali, shaƙewa yake yi. Ya ce a baza waken da faɗi, kar a bar tudu. Muka baza shi siriri, ya ɗauki wuri mai tsawo. Ya shiga ya juya ya nufi wajen Kurfi har ya ɓace. Na zaci ya ji kunya ne ya tafi gida ta wata hanyar.

Ƙarar muka fara ji. Kafin in gama miƙewa ya wuce.

Casa dai ta yi, har da shiƙa. Kwalta ta fita fes kamar an share ta. Iskar motar ta ɗebe waken da ɓawonsa ta watsa hagu da dama, cikin ciyawa da ƙarangiya da ramin kwalbati. Ta haɗa da barkonon wata tsohuwa, majalisar duka ta ɗauki atishawa. Lokacin an saki dabbobi, kuma awakin garinmu sun fi mu saurin gane abin da ya faru.

Ya dawo yana murmushi, yana cewa ko rabin agogon gudun bai kai ba. Sai ya ga titin. Ya durƙusa da shaddarsa cikin ƙarangiya ya fara tsince. Muka yi ta tsinta muna korar awaki har aka kira magariba. Abin da muka tara bai cika hulata ba, kuma mafi yawansa a farfashe yake. Na ce masa ba komai, ya gaida mini uwarsa. A gida mai ɗakina ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin an miƙa iri ga abin da ke harbi ta baya ba. Ni ma ban taɓa gani ba.

Na tsince masu lafiya na zuba a gora da toka, na toshe, na rataye a ɗaki. Duk rani ɗan ƙanwata bai zo garinmu ba, sai dai saƙon gaisuwa.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi sai ga ƙararsa. Ya sayo mini sabon iri a leda don ya wanke laifinsa. Akwai wani rami a kwalta dab da kwalbatin garinmu, wanda kowane direba ya sani yana kauce masa, amma ranar ruwa ya rufe shi. Ya faɗa ciki, muka ji ƙum, baƙin mai ya malale a titi. Ya fito ya kwanta cikin ruwa ya leƙa, ya tashi ya ce cikin injin ya fashe, kuma abin da ya karye ba a samun sa a Katsina ko Kano, sai an aiko daga Legas. Muka taru muka tura ta gefen hanya, can ƙasa kusa da kwalbati. Ya miƙo mini ledar irin, na karɓa na yi godiya. Iri ne mai kyau, amma ba shi ba ne, kuma mu duka mun san haka.

Don kada yara su karce fenti ko wani ya kwance madubi, sai ya sa aka saro ƙaya ya kewaye motar da shinge mai kauri, ya bar fili kaɗan ta kowane gefe. Duk Juma'a yakan zo a kan babur ya goge ta, ya tsaya ya kalle ta, ya koma.

Ni kuma da gero ya tasa sai na sauke gorar na shuka waken Inna, ƙwaya bibbiyu, a wurin da ya fi kyau a gonar. Ya tsiro. Sai ruwa ya ɗauke, aka yi ta kallon sama. Gero ya jure, shi bai jure ba. Wata safiya na je na ishe layin duka ya kwanta, na murza ganye ɗaya ya zama gari a hannuna. Na daɗe tsaye. Ba fuskar Inna na tuna ba, hannunta na tuna, yadda take tsince tsakuwa a faifai ba tare da ta duba ba. Na koma gida na gaya wa mai ɗakina cewa waken ya ƙare. Wannan karon ruwa kawai ta kawo mini.

Tun da motar ta zauna nake biyawa ta wurinta idan na taso daga gona, ina karanta rubutun nan. Yanzu ba ta da inda za ta. Kullum in tsaya a bakin ƙaya in ƙura wa baƙi ɗaya ido, in cire masa wutsiya a zuciyata, in ga abin da ya rage. Da haka na haɗa shi: BA NA JIRAN KOWA. Ranar da na gama na maimaita shi a fili, domin in tabbatar. Sai na sunkuya zan cire ƙayar da ta kama mini wando, idona ya faɗa kan wani ganye a gindin tayar baya.

Ganyen wake ne, jijiyarsa ja-ja. Na leƙa ta cikin shingen na ga wasu, ta gaba da ta gefen kwalbati. Sai na gane. Waken da iskar motar ta watsa, wanda awaki ba su gani ba, ya kwana cikin yashi duk rani. Ruwan da ke gangarowa daga kwalta nan yake taruwa, ga inuwar mota, don haka tsayawar ruwan ba ta kashe shi ba. Na bi gefen titi sama da ƙasa ina dubawa. Duk wanda ya tsiro a waje shanu sun cinye, ko masu yankan ciyawa sun tafi da shi. Na cikin ƙaya kawai ya rage.

Ban gaya wa kowa ba, domin wake da yawa yana da jar jijiya. Na jira fure. Da ya buɗe na kira mai ɗakina ta zo ta leƙa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Shi ne."

Ruwa ya dawo, waken ya yaɗu. Ya bi ƙarƙashin mota, ya shiga ta ramukan ƙarfen taya ya fito ta wancan gefe, ya naɗe bambar nan da ta tura shi bara. Ɗan ƙanwata kuwa 'yan makonnin nan bai zo ba, aiki ya yi masa yawa a gareji. Ranar da ya zo, waken ya fara 'ya'ya amma ɗanye ne shar. Ya zo da akori-kura da igiya mai kauri, yana fara'a. Ya ce kayan gyaran sun iso, yau za a ja ta zuwa Dutsin-Ma. Ya ce babban abokinsa zai yi aure, kuma ya yi alkawarin motarsa ce za ta ja gaban motocin amarya.

Na ce, "Zo ka ga wani abu tukuna."

Ya ja ƙaya gefe ya tsuguna. Bai tambaye ni ko mene ne ba, ya gane furen. Ya zagaya motar, ya kwanta ya leƙa ƙasa, ya tashi. Na ga yana lissafin bakanike: ko a ɗaga ta da jak, ko a kwance tayoyin a bar su nan, ko a ja ta ta baya. Ko ta ina aka taɓa ta sai an tsinke waken, domin saiwarsa a ƙarƙashinta take, jikinsa kuma a jikinta.

"Kawu, yaushe zai nuna?"

"Sai ruwa ya ɗauke."

"Bikin kafin nan ne."

"Na sani."

Mai akori-kura ya danna oda, ya ce yana da lodi a kasuwa. Na bar masa zaɓi. Motarsa ce, da guminsa ya tayar da ita, kuma ƙasar da waken ya fito ba gonata ba ce. Ya tsaya yana shafa rufin motar da tafin hannu.

"Ka san motar nan ba a yi ta don tsayuwa ba, Kawu."

"Na sani, ɗana. Na karanta a bayanta."

Ya dubi gilashin, ya dube ni, ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya je ya sallami mai akori-kura, ya dawo ya mayar da ƙayar inda take, har ya ƙara toshe wata kafa da ya ce akuya za ta iya bi. An gaya mini a bayan babur ya je bikin, abokansa suka yi ta tsokanarsa cewa motarsa ta koma noma.

Da ruwa ya ɗauke na roro waken da kaina. Wanda ke ƙarƙashin mota sai da na kwanta rub da ciki na zura hannu, domin kamar yadda na faɗa, ko kaza sai ta durƙusa. Mai ɗakina ta buge shi da sanda a tsakar gida, kuma ba ta bari na taɓa ba. Ya cika gorar har ya yi saura. Na ƙulle kaɗan na aika wa ƙanwata, na kai kaɗan Barkiya wurin dangin Inna, don kada ya sake zama a hannun mutum ɗaya. Ranar da ya zo jan motar aka dafa masa 'yar ƙwarya guda da mai da yaji. Ya ci a tsaye, jingine da bonet.

Ya gyara ta, ta koma yadda take. Har yanzu tana harbi, sai dai garin ya saba, liman ma kai kawai yake ɗagawa. Idan ya kusa garinmu yakan rage gudu sosai, motar na tari tana jijjiga. Ya ce saboda ramin ne.

Da kakar da ta wuce ya zo ya ishe ni na baza wake a kwalta, na sabon irin nan da ya sayo mini, wanda ya yi kyau ƙwarai. Ya tsaya can nesa ya leƙo ta taga, ya dubi waken, ya dubi tayarsa, ya dube ni. Na nuna masa gefen hanya da sandata. Ya gangara ya kashe inji, ya zo ya zauna kusa da ni a inuwa, muka jira akori-kura tare.